WrestleMania: wa ya ƙirƙiro ta, kuma da me ake auna wadda ta yi kyau?

Laminu Bagalam

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tambaya gare ni ga masana resilin na wannan zaure. Duk shekara in watan Afirilu ya kama, matasa a gidajen kallon Maradi ba su da zance sai WrestleMania, babban taron shekara na resilin, wato kokowar Amurka ta kamfanin WWE, har wasu su kwana zaune dominta. Wa ya fara ta, kuma yaushe? Me ya sa ake biyanta daban alhali shirye-shiryensu na Raw da SmackDown na zuwa kowane mako? Akwai kuma gardamar da ba ta ƙarewa kan yawan jama'a: wani ya ce an taɓa tara mutum 93,000, wani ya ce an wuce 100,000. Amma abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne wannan: mu a filin kokowa in an kai mutum ƙasa magana ta ƙare, kowa ya gani da idonsa. Su kuwa an ce tun kafin a shiga an san mai nasara. To da me ake cewa ta bana ta yi kyau, ta bara ta lalace? Sannan mai gidan kallon da ke son nuna ta kai tsaye, me zai tanada?

Malam Isuhu Mokoyo

Wa alaikumus salam, ƙanena. Bari in ɗauki tarihin, sauran in bar wa masu sauran.

Kafin shekarun 1980 resilin a Amurka a rabe yake yanki-yanki, kowane mai kamfani da garuruwansa, ba mai shiga gonar wani. A 1982 Vince McMahon ya sayi kamfanin WWF daga hannun mahaifinsa, ya yi fatali da wannan zaman lafiya. Ya shiga sayen lokaci a tashoshin tele na yankunan wasu, yana janye musu ƴan wasa da kuɗi. Babban kamunsa shi ne Hulk Hogan, wanda ya karɓi kambu daga Iron Sheik a watan Janairun 1984. Wannan faɗaɗa ta ci kuɗi ƙwarai, dole a sami babban taro guda da zai maido da su. Ba shi ne ya fara dabarar ba, Jim Crockett, mai wani kamfanin resilin, ya riga shi da taron Starrcade a Nuwamban 1983. Abin da McMahon ya ƙara shi ne mawaƙa da ƴan fim da ƴan dambe, don ya jawo wanda bai taɓa kallon resilin ba.

Ta farko an yi ta ranar 31 ga Maris 1985 a Madison Square Garden na New York, gaban mutum 19,121. Karawar ƙarshe Hogan da ɗan fim Mr. T ne suka kara da Roddy Piper da Paul Orndorff, Muhammad Ali yana cikin alƙalai. A lokacin gidajen da ke iya sayen shiri ta tele ba su da yawa, don haka aka kama manyan zauruka da silima a garuruwa, aka kafa majigi, mutum ya yanki tikiti ya shiga ya kalla kai tsaye. Gidan kallo ke nan irin namu, sai dai girma. Sama da mutum miliyan ɗaya suka kalla ta wannan hanya, kamfanin ya tsira.

Ta biyu, a 1986, an raba ta gari uku a dare guda: yankin New York, Chicago da Los Angeles. Wanda ya yanki tikiti kashi ɗaya cikin uku kawai ya gani da ido, sauran a majigi. Ba a sake wannan gwajin ba. Ta uku ce ta kafa sunan: 29 ga Maris 1987, filin Pontiac Silverdome a jihar Michigan, mutum 93,173, inda Hogan ya ɗaga André the Giant ya maka da ƙasa. André ɗan Faransa ne, a lokacin bayansa ya lalace, da ƙyar yake motsi, don haka karawar kanta ba wani abin a zo a gani ba ce. Ɗagawar nan ɗaya ita aka biya kuɗi a gani. Wasan da ƴan wasa ke koyo da shi har yau a wannan daren shi ne na Randy Savage da Ricky Steamboat.

Ba kullum ake kwana a gado ba. A 1991 an yi niyyar cika babban filin Los Angeles mai ɗaukar kusan mutum 100,000, aka mai da Sgt. Slaughter mai goyon bayan Iraƙi ana tsakar yaƙin Gulf. Daga baya aka koma ƙaramin zaure na mutum 16,000 da ɗoriya. Kamfanin ya ce tsaro ne, masu bin harkar suka ce tikiti ne bai saidu ba, kuma ni maganarsu ta fi kama mini hankali. Tsakiyar shekarun 1990 kasuwa ta faɗi, WCW, kamfanin da ke gasa da su, ta kwashe Hogan da Savage. Ta 1997 gidajen da suka saya ba su kai 250,000 ba. Ɗan wasa Steve Austin ne ya tayar da ita, da taimakon ɗan dambe Mike Tyson da aka kawo a 1998. A 2001, a Houston, masu saye suka haura miliyan ɗaya, kwanaki kaɗan bayan McMahon ya saye WCW ɗin kanta. A 2002 sunan kamfanin ya koma WWE bayan shari'a da ƙungiyar kare namun daji mai haruffa iri ɗaya.

Batun biya daban kuwa, nan ne ribar take. Raw da SmackDown talla ne mai tsawo: a ƙulla gaba, a ja ta wata uku ko shekara, a hana ka ganin ƙarshenta sai ka biya. A da gida ɗaya yakan biya dalar Amurka 50 zuwa 70 a dare guda, kamfanonin tele su ɗauki kusan rabi. A Fabrairun 2014 WWE ta buɗe tasharta ta intanet a kan dala 9.99 a wata, har da WrestleMania a ciki, don ta daina raba kuɗin da su. Yanzu ma ta wuce nan: manyan kamfanoni ne ke biyanta dunƙule su nuna, a Amurka Peacock daga 2021 zuwa 2025, sannan ESPN daga 2025, Netflix a ƙasashe da yawa daga Janairun 2025. Kwana biyu da ake yi yanzu ya samo asali ne daga korona: ta 2020 an naɗe ta ba ɗan kallo ko ɗaya a wurin atisayensu na Orlando, aka raba ta dare biyu, da aka ga tikiti biyu ya fi ɗaya sai aka zarce.

Rabe Sabon Gari

Allah ya ƙara sani, Malam, amma 93,173 ɗin nan a riƙe shi da hannu biyu. Adadin da kamfanin ya faɗa ne. Dave Meltzer, mai jaridar Wrestling Observer Newsletter, ya daɗe yana cewa mutum kusan 78,000 ne, wasu kuma masu ƙirga kujeru a hotuna suna cewa ya fi haka. Wanda ba gardama a kansa shi ne na 2016 a Arlington ta jihar Texas. An yi shelar 101,763. Ƙirgen ƙofa da ƴan sandan garin suka bayar ya nuna 80,709 ne suka shiga, kuma McMahon da bakinsa ya amsa wa masu hannun jari cewa adadin shela ya haɗa da masu karɓar tikiti da masu nuna kujera. Don haka, Laminu, duk adadin da aka faɗa da lasifika cikin fili, ka ɗauke shi wani ɓangare na wasan.

Yadda ake tsarawa kuma: masu rubutu da shugaban shiri su ke yanke mai nasara da yadda za a ƙare da mintin da aka ba kowace karawa. Akwai tsohon ɗan wasa da ake haɗa su da shi ya taya su jera manyan wurare, amma tsakiyar wasan yawanci a ciki suke faɗa wa juna, shi ya sa za ka ga an shaƙe wuya an sunkuyar da kai, ko gashi ya rufe baki. Alƙalin wasa na da ƴar na'ura a kunne, daga bayan labule ake ce masa saura minti biyu, shi kuma ya raɗa musu. In ya haɗa hannuwansa biyu sama ya gicciya su, alama ce ta rauni na gaske, ko da yake wani lokaci ana amfani da ita ma cikin shiri.

Dandalin murabba'i ne, kowane gefe ƙafa 20, wato mita 6 da ɗan kai. Ƙarfe ne a ƙasa, katako a kai, soso siriri, sai tamfol. Tsakiya na ɗan lotsawa, gefe kuwa inda ƙarfen yake ba ya lotsawa ko kaɗan, shi ya sa faɗuwar gefe ta fi illa. Ana koyon faɗuwa da faɗin baya, a buɗe hannuwa, a manna haɓa da ƙirji don ƙeya kada ta bugu. Sakamako shiri ne, faɗuwa ba shiri ba ce.

Kuma shirin yana kwancewa. A 2003 Brock Lesnar ya hau igiyar sama zai yi alkafura ya faɗo kan Kurt Angle. Angle ya yi nisa, Lesnar bai cika juyi ba, ya sauka da kai. Mutum mai nauyin sama da kilo 120. Hankalinsa ya gushe, Angle da alƙali suka lallaɓa shi aka ƙare da wani bugun daban. A 2023 Shane McMahon, ɗan Vince, yana karawa da ɗan wasa Miz, ya yi tsalle naman cinyarsa ya tsinke daƙiƙu kaɗan da farawa, mawaƙi Snoop Dogg da aka kawo don gabatarwa shi ya shiga ya ƙarasa wasan da Miz. A 2019, karon farko da mata suka rufe taron, kafaɗar Ronda Rousey ta ɗaga ana cikin ƙirge, alƙali ya ƙirga uku duk da haka, Becky Lynch ta ci, aka kwana ana gardama.

Laminu Bagalam

Na gode Malam, na gode Yaya Rabe. To in ƙirgen jama'a ba abin yarda ba ne, sakamako kuma shiri ne, me ya rage da za a auna?

Hadiza Ali Ɗan Sofo

Ƴan kallo suka rage, Yaya Laminu. Kamfani na iya rubuta wanda zai ci, ba ya iya rubuta wanda mutum 70,000 za su yi wa tafi. Duk WrestleMania da ake yabo ko zagi, in ka bi diddigi, nan za ka tarar da dalilin.

Ɗauki ta 1997 da Malam ya ce ba ta saidu ba. A cikinta ne Bret Hart ya shiga a matsayin jarumi, Austin a matsayin bos. Hart ya murɗe masa ƙafafu, jini na zuba a fuskar Austin, ya ƙi cewa ya sallama har ya suma. Hart ya ci gaba da dukansa bayan an tashi. Kafin su fita jama'a sun juya: Austin ya zama nasu, Hart ya zama abin yi wa ihu. Wannan shiri ne, amma shiri ne da ya karanci inda zuciyar mutane ta riga ta karkata. Meltzer ya ba wannan karawa tauraro biyar a ma'auninsa na kyawun wasa, kamar yadda ya ba wasan tsani na Razor Ramon da Shawn Michaels a 1994. Taron da ya fi kowanne rashin kasuwa, ga shi da karawar da mutane da yawa ke cewa ba a yi kamarta ba.

Akasin haka ita ce ta 1993 a Las Vegas. Yokozuna ya karɓe kambu daga Bret Hart, sai ga Hogan da ba ya cikin karawar ya shigo, cikin ƙasa da minti ɗaya ya karɓe. Har yau in ana lissafin mafi muni, ita ake fara ambata. A 2002 a Toronto an shirya The Rock jarumi, Hogan bos, amma mutanen Kanada suka tashi tsaye wa Hogan tun daga ƙofa. Su biyun suka ji, suka sauya salon wasan a tsaye. Kuskuren daren shi ne ba a sa su ƙarshe ba: Triple H da Chris Jericho suka fito rufe taro gaban mutanen da muryarsu ta riga ta dishe. An maimaita wannan kuskure a 2009, bayan Undertaker da Michaels sun gama da jama'a aka kawo Triple H da Randy Orton, fili ya yi tsit. Jerin wasanni ma gwaninta ne, a sa mai zafi, a sa mai sanyi a huta, sannan a rufe.

A 2004 kuma labari ya fita cewa Goldberg da Lesnar duk barin kamfanin za su yi. Mutanen Madison Square Garden suka yi musu ihu daga farko har ƙarshe, Austin da ke alƙalanci kaɗai aka yi wa tafi.

Inda ƙarfin ƴan kallo ya fi fitowa shi ne kan Daniel Bryan. A 2012 aka sa Sheamus ya kayar da shi cikin daƙiƙa 18. Maimakon ya mutu, sai mutane suka ɗauke shi. A Janairun 2014 ba a sa shi cikin Royal Rumble ba, gasar da mai cinta ke neman kambu a WrestleMania, Batista ya ci, aka yi masa ihun da ya sa kamfani sauya shiri. A WrestleMania ta shekarar, a New Orleans, Bryan ya kayar da Triple H a wasan buɗewa, ya dawo ƙarshen dare ya ci Orton da Batista. A wannan daren ne kuma Lesnar ya karya jerin nasarorin Undertaker, 21 ba faɗuwa tun 1991. Har gobe ana rabuwa biyu a kai. Ni ina ganin da matashi mai tasowa aka ba, da ya fi amfani, don Lesnar bai rasa suna ba.

Roman Reigns darasi ne na daban. Sau huɗu a jere, 2015 zuwa 2018, aka sa shi rufe taro a matsayin jarumi, sau huɗu ana yi masa ihu. A ta 2015 Seth Rollins ya ceci daren da ya shigo da jakar da ke ba shi damar neman kambu duk lokacin da ya so, ana tsakar wasa, ya gudu da kambun. A ta 2018 mutane har ƙwallon roba suka riƙa bugawa a kujeru. Da aka bar shi ya zama bos a 2020, sai ga shi ya zama babban mai jawo kuɗi, ya riƙe kambu kwana 1,316. Da The Rock ya dawo a farkon 2024 yana neman karɓe gurbin Cody Rhodes, ihu da zagi a intanet suka sa aka maido da Cody, ya ci a Filadelfiya, kuma wannan na cikin waɗanda aka fi yabo. Ta 2025 ta fi ta kuɗi, John Cena ya ci kambunsa na 17, amma ƙarshen da aka cusa mawaƙi Travis Scott bai yi wa mutane daɗi ba.

In zaɓi kake so: 2001 daga farko har ƙarshe, 2003, 2014, 2024. Ta 2019 ka tsallaka zuwa Kofi Kingston, haifaffen Gana, ɗan Afirka na farko da ya ci kambun WWE, shi ma jama'a ne suka tura shi. Sauran daren ya wuce awa bakwai in an haɗa da wasannin share fage, an tashi bayan sha biyun dare, mutane sun gaji tilis.

Sa'adu Mai Gyaran Tele

Na mai gidan kallo, Malam Laminu. Fara da agogo, don nan aka fi yin kuskure. A watan Afirilu muna gaban gabashin Amurka da awa 5. Ta 2024 da ta 2025 an fara su ƙarfe 7 na yammarsu, wato sha biyun dare a Maradi. Ta Asabar ɗinsu daren Asabar ne wayewar Lahadi, ta Lahadi kuma wayewar Litinin, ranar makaranta da aiki. Kowane dare kusan awa huɗu, a tashi wajen ƙarfe 4, kafin kiran asuba. A duba kalanda kuma: ta 2023 da ta 2024 duk cikin azumi suka faɗo, ta 2024 ma a goman ƙarshe, lokacin tahajjudi. Irin wannan shekara gara a nuna maimaici.

In ta dikoda ce, SuperSport a DStv ke nuna WWE a ƙasashen kudu da Sahara tun 2017. A sabunta biyan wata kwana biyu kafin ranar, a tabbatar tashar na cikin kunshin da aka biya. A duba ingancin sigina da rana, ba ƙarfinta kaɗai ba. In hoto na daskarewa yana fashewa gida-gida, yawanci iska ce ta ɗan kautar da faranti, ko kan wayar da ke shiga idon faranti ya yi tsatsa, ko rana ta cinye fatar wayar. A ɗaure kusoshi, a yanke kan wayar a sake sabo, a naɗe da salatif.

In ta intanet ce, awa huɗu a hoto matsakaici na cin kusan giga 3, mai kyau na 720 kusan giga 6, na 1080 ya kai 12. A dare ɗaya ke nan. A kafe ingancin da hannu a 720, in aka bar shi yana zaɓa da kansa zai riƙa hawa da sauka duk lokacin da rezo ya motsa. Shafukan sata kuwa a karawar ƙarshe suke mutuwa, lokacin da kowa ya danno.

Afirilu tsakar zafi ne, kuran ba abin dogaro ba. Tele mai inci 43 zuwa 50 na jan wat 100 ko ƙasa, dikoda kusan 20, kowace fanka 60 zuwa 75. Ƙaramin gurup na ɗauka, a tanadi esansi lita 4 na dare guda, a cika tanki kafin a fara, kada a ƙara mai yana aiki. A ajiye shi waje inda iska ke wucewa, hayaƙinsa a rufaffen ɗaki kisa yake. Batirin sola guda na 12 bolt, amfiya 100, rabinsa kawai ya kamata a ja, wat 600 na awa ɗaya ke nan, wato tele da dikoda kaɗai zai kai ƙarshe da ƙyar, ban da fanka. Ya fi kyau a ɗora tele da dikoda kan batirin tun farko, fankoki kan kuran, don in an ɗauke wuta dikoda ba za ta mutu ta ɗauki minti biyu tana tashi ba.

Mai nuna maimaici da yamma ya sa farashi ƙasa da na kai tsaye, don kafin azahar sakamakon ya cika Facebook da TikTok. Ta 2027 an sanar a Riyad ta Saudiyya za a yi ta, karon farko a wajen Amurka da Kanada. Riyad na gabanmu da awa 2 ne, don haka lissafin agogon nan sai an sake shi in sun fitar da lokacin farawa.